Tazarar Shekara Biyu a Kan Ƙanƙara

Na daɗe ina bibiyar gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda ake yi a Amurka da Kanada, kuma muhawarar da ba ta ƙarewa a cikinta ita ce wa ya fi tsakanin Sidney Crosby ɗan Kanada da Alexander Ovechkin ɗan Rasha. Dukansu sun fara a kakar 2005. Ovechkin ya ci ƙwallo 52 da maki 106, aka ba shi kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa. Crosby ya tashi da ƙwallo 39 da maki 102.

Abin da masu gardama kan tsallake shi ne shekaru. An haifi Ovechkin a Satumbar 1985, Crosby kuwa a Agustan 1987. Tun 2004 aka zaɓi Ovechkin, sai rikicin albashi ya sa aka soke kakar baki ɗaya, ya ci gaba da gogayya da manya a Dynamo Moscow. Ke nan ɗan shekara 20 da ya riga ya goge aka auna da yaro ɗan 18 da ya fito daga gasar matasa. A wasan da ake bangaje mutum a jikin katanga, tazarar kusan shekara biyu a wannan mataki ƙashi ne da tsoka. A ganina, maki 102 na Crosby sun fi ban mamaki.

Sai dai wannan hujja ba ta daɗewa. Idan mutum biyu suka kai shekara 27 da 29, babu mai hankalin da zai yi wa ƙaramin rangwame.

Wajen tsufa kuma lissafin juyawa yake yi, kuma nan ne na fi jinjina wa Ovechkin. Wayne Gretzky, wanda ya ci 92 a kaka guda yana ɗan 21, ƙwallo 9 kacal ya ci a kakarsa ta ƙarshe, ya yi ritaya a 1999 yana da shekara 38. Ovechkin ya ci 44 yana da 39, duk da karayar ƙafa da ta zaunar da shi makonni. A ranar 6 ga Afrilun 2025 ya ci ta 895, ya wuce 894 na Gretzky, a wasansa na 1,487, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga a rayuwarsa ta NHL.