Sinadari: Kalmar da Ta Fito daga Dutse Mai Ci da Wuta

Ɗalibin Hausa a Garwa ko Tcholliré yakan ci karo da kalmar "sinadari" a littafin kimiyya ko a bakin mai tallan magani, sai ya ɗauka ƙirar 'yan boko ce. Kalmar kuwa ta girmi boko nesa ba kusa ba. A wurin maƙeran farfaru, sinadari shi ne farin gishirin da ake sa wa ƙarfe domin dalma ta kama shi. Asalinta "nushadir" ne na Larabci, Larabawa kuma daga Farisanci suka aro ta.

Shi kansa gishirin, ɗaya daga cikin tsofaffin mahaƙansa yana ƙasar Tajikistan ta yau. A ƙarni na 10, masanin ƙasa Istakhari ya ba da labarin wani kogo a duwatsun Buttam mai fitar da tururi, da rana kamar hayaƙi, da dare kamar wuta. Mutanen wurin sukan gina ɗaki a kansa su toshe kowace kafa, tururin ya daskare a rufi kamar yadda kunkunniya ke taruwa a jinkar madafa. Sai mutum ya lulluɓa da jiƙaƙƙen mayafin gashi, ya faɗa ciki, ya kankaro abin da ya samu, ya fito kafin zafi ya halaka shi.

Abin da ke ci a ƙarƙashin duwatsun kwal ne, irin wanda ake haƙa a Anu Araren ta yankin Agadas. Ya bambanta da gawayi, wanda mutum ke toyawa daga itace: kwal ragowar tsirran da ƙasa ta binne ne tun shekaru miliyoyi. Idan iska ta ratsa shi yakan ɗumama har ya kama, wutar kuma ta daɗe ƙarni bayan ƙarni.

Zafin yana dafa kwal ɗin da ke kewaye, tururinsa ya sandare a bakin tsagar dutse. A nan ake samun wasu ma'adinai da ba kasafai ake gani ba, domin ginshiƙinsu kabon ne da ya fito daga jikin abu mai rai. A 1922 aka bayyana hoelite, siraran allurai rawaya, daga tsibirin Spitsbergen. A 1942 aka bayyana kladnoite daga juji mai ci na mahaƙar Kladno, a ƙasar Cek. A 1993 kuma aka sanya wa wani suna ravatite, daga Ravat, a yankin nan da magabata suka kankari nushadir.

Waɗannan sunaye uku baƙi ne a Hausa har yanzu, kamar yadda nushadir ya taɓa zama baƙo. Ya shigo ta hannun fatake, ya zauna a maƙera, harshe ya sassaƙe shi, har ya zama sunan duk wani haɗin kimiyya. Ɗalibin da zai fassara bayanin ravatite dole ya kira shi sinadari, wato ya ba shi sunan maƙwabcinsa na bakin tsaga ɗaya.