Kasuwar Dubai, Inda Ba a Tayi

Birnin Dubai yana bakin teku, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka kafa a shekara ta 1971. A watannin Yuli da Agusta zafin wurin yakan wuce digiri 40, ga kuma gumi, gama iskar teku tana da laima. Saboda haka mutanen garin ba su zaman hira a gindin itace ko a ƙofar gida. Dandalinsu shi ne manyan kasuwanni masu rufi, waɗanda ake sanyaya su da na'ura dare da rana. Babbarsu ita ce Dubai Mall, wadda aka buɗe a 2008, kusa da dogon benen nan Burj Khalifa mai tsawon mita 828. Can muka yini, mu biyar.

A jirgin ƙasa na cikin gari muka tafi. Daga tasha zuwa ƙofar kasuwar akwai gada rufaffiya, tsawonta ya fi mita 800. A cikinta akwai daɓe mai tafiya da kansa, mutum ya tsaya kawai, a kai shi. Tun daga nan ba mu sake jin zafin rana ba.

Kantunan da ke ciki sun fi 1,200, hawa bisa hawa. Amma ba kantuna kaɗai ba ne. Akwai wani ƙaton tafki mai bangon gilashi, yana ɗauke da ruwa lita miliyan 10, kifaye manya da ƙanana suna yawo a ciki, yara kuwa sun tsaya sun saki baki. Akwai filin ƙanƙara inda samari ke zamiya da takalma masu ƙarfe, a tsakiyar hamada fa! Abin da ya fi tsai da mu shi ne wani bango da ruwa ke kwararowa a kansa, an kafa siffofin mutane suna nutso da ka. Wannan tuni ne ga kakannin mutanen garin, waɗanda sana'arsu ita ce nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Sana'ar ta mutu wajen 1930, sa'ad da mutanen Japan suka cika duniya da lu'ulu'un da suke kiwo. Garin ya sha talauci ƙwarai kafin a sami man fetur a 1966.

To, ga abin da muke so masu karatu su lura da shi, musamman iyayen gida. A wannan kasuwa ba a tayi. Kowane kaya da kuɗinsa a rubuce a jikinsa. A gida, in ka tambayi kuɗin zane, mai kaya ya faɗa, kai ka taya, ya ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka. Mukan ɗauka wannan ɓata lokaci ne. Amma a cikin wannan ja-in-ja ne mutum yakan tuna da kuɗin makarantar yara, da buhun masarar da bai saya ba tukuna. A nan kuwa babu wannan sarari. Ka ɗauki kaya, ka miƙa katin banki, na'ura ta yi ƙara kaɗan, shi ke nan. Hannunka bai ƙirga kome ba, aljihunka bai yi sauƙi ba.

Kuɗin ƙasar kuma yana ruɗin baƙo. Dirhami 100 ƙaramin abu ne a ido, amma dala 27 ke nan da 'yan kai, gama an ɗaure dirhami da dalar Amurka, dirhami 3.67 a kan dala ɗaya. Sai wanda ya tsaya ya juya shi zuwa naira zai san abin da ya kashe. Tun 2018 akwai harajin saye na kashi 5 cikin 100. Baƙon da ya sayi kayan dirhami 250 ko fiye zai iya karɓar yawancinsa a filin jirgin sama, in ya nuna fasfo a kantin tun wajen biya.

Mun zo da takarda mai sunayen waɗanda ke jiran tsaraba, mutum 23. Dattijuwar da ke cikinmu ita ta riƙe ta. Duk sa'ad da wani ya tsaya gaban agogo ko takalmi, sai ta ce, "Ɗana, sunan wa ke nan a takardar?" Ba ta ƙara kome a kai.

A yawancin wuraren ba a ganin rana, fitilu iri ɗaya ne safe da yamma. Abin da ya riƙa gaya mana lokaci shi ne kiran salla. In lokaci ya yi sai a kashe kiɗa, a sa kiran ta lasifika, waɗansu su nufi ɗakunan salla da aka tanada, na maza dabam, na mata dabam. Ba wanda ya dube mu don ba mu bi su ba. A bakin ƙofa dai akwai sanarwa a kan sutura, a rufe kafaɗu da gwiwoyi, abin da bai zama wa matanmu sabon abu ba.

Masu tsaron kantunan kusan duka baƙi ne, daga Indiya, da Filifin, da Pakistan, da ƙasashen Afirka. Cikin mutum goma a ƙasar, wajen tara baƙi ne. Wata yarinya mai ƙaramin gicciye a wuya ta ce mana hutunta ran Talata ne, don haka ba kullum take samun zuwa sujada ba, ko da yake akwai majami'u a garin, a kan filayen da sarakunan Dubai suka bayar. 'Ya'yanta biyu suna Filifin wurin kakarsu, takan aika musu kuɗi kowane wata.

Kashegari muka shiga kwalekwale, muka haye mashigin ruwa zuwa Deira, inda tsofaffin kasuwannin zinariya da kayan yaji suke. Can muka ji Hausa a bakin 'yan kasuwar Kano masu sarin atamfa da turare, muka gaisa. Can ne kuma muka sayi tsarabar mutum 23 ɗin nan. Mai mayafai ya ce dirhami 40 kowane ɗaya, dattijuwa ta taya 15, aka daɗe ana yi, aka sallama a 22.