Taurari Ma Launi Gare Su

Yawancin mutanen da nake hira da su a rediyo sun ɗauka taurari duk farare ne. Ban ga laifinsu ba, domin idon mutum ba ya rarrabe launi sosai in haske ya yi rauni. Sai ka ɗora madubin hangen nesa mai ido biyu, irin na masu kallon sukuwa, sannan za ka ga ja, ka ga shuɗi. Nawa 10x50 ne, wato yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa milimita 50.

Launin ya fi fitowa in taurari biyu suna dab da juna, ɗaya yana tona asirin ɗaya. Kuma zafi ne ke kawo shi: shuɗi ya fi zafi, ja ya fi sanyi.

A nan Damagaram na fi son ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke ƙura. Bayan isha'i sai in nemi Vega, tauraro mai tsananin haske a sama ta wajen arewa maso yamma. Kusa da shi akwai Delta Lyrae, ɗaya ja-ja kamar garwashi, ɗaya fari mai ratsin shuɗi. Wannan ko yaro zai raba su.

Albireo ne mai wahala, kuma shi kowa ke yabo: ɗaya ruwan zinariya, ƙaramin shuɗi. Sun matsu ƙwarai, hannu ya ɗan motsa sai su haɗe su koma ɗaya. Nakan jingina gwiwar hannu a kan katanga, in riƙe numfashi. Wani dare su rabu, wani dare su ƙi. A ganina Omicron Cygni, wanda ke cikin rukuni ɗaya da shi, ya fi dacewa da mai farawa, don ja da shuɗinsa a buɗe suke.

In hunturu ya shigo, Kaza da 'Ya'yanta na fitowa da wuri. A ƙasa da su akwai jan tauraron Aldebaran, gefensa kuma Theta Tauri, ɗaya fari ɗaya ruwan lemo. Sai dai lokacin hazo ne, yakan dusashe launin, dole a jira daren da iska ta kwanta.

Abin da ke damuna shi ne fitilun gari suna ƙaruwa, yara kuma ko Kaza ba sa iya nunawa. Shi ya sa duk daren da aka ɗauke wuta nake kiran 'ya'yan maƙwabta, in ɗan karkace saitin madubin don launin ya bazu, su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya.