Ina Sunan 'Yar Aikin Hajiya?

'Yan'uwa marubuta, tun da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980, mata suka shiga ba da labarin kansu da bakinsu a adabin Hausa. Balaraba Ramat Yakubu ta ƙara share hanyar. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 mun ga Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Abin da ya sa labarin ya zauna a zukatanmu shi ne, Balaraba ba ta raba zaluncin miji da maganar kuɗin cefane ba.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan arewacin Kaduna, kuma kowane zangon karatu nakan sa ɗalibaina rubuta gajeren labari. Akasarinsu 'yan Badarawa ne da Unguwar Shanu da Kawo. Akwai masu yin talla bayan an tashi, akwai waɗanda iyayensu mata ke wanki da shara a manyan gidajen Malali da Unguwar Rimi. Amma da sun ɗauki biro, sai ka tarar da su a falon Hajiya, tana zaune kan kujerar alfarma tana kukan za a yi mata kishiya. 'Yar aiki kuwa takan shigo da ruwa a faranti, a daka mata tsawa, ta fita. Ko suna ba a ba ta. A littattafanmu suka ga haka, domin abin da babba ya hango shi yaro ke bi.

Hawayen Hajiya gaskiya ne, ban musa ba. To amma wadda Alhaji ya wulaƙanta da safe, sau da yawa ita ce ke hucewa da rana a kan yarinyar da aka kawo mata daga ƙauye, wadda ke kwana a bakin kicin, tana cin ƙanzo, albashinta kuma na tafiya hannun matar da ta kawo ta. Zalunci hawa-hawa ne, mu kuma mun tsaya a benen sama.

Gajeren labari ya dace da wannan yarinya, don wuni ɗaya na rayuwarta ya cika shafi biyar. Ga gasar Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ga kuma shafukan wannan mujalla tamu. Roƙona ga mai shirin rubutu, in 'yar aiki ta shigo falo, ya tsayar da ita ya tambayi sunanta da garinsu, da nawa ake biyanta, da wanda ke karɓa. Allah ya yi mana jagora.