Almakashi Mai Aiki Sau Ɗaya

Ranar farko da wata nas daga Nijeriya ta tsaya kusa da likita a ɗakin ƙaramar tiyata na wani asibitin unguwa a Bradford ta Ingila, aikin bai kai minti ashirin ba. Wani dattijo ne ya zo da ƙullutu a bayan wuya. Aka yi masa allurar kashe wurin, aka tsaga, aka fitar, aka yi ɗinki huɗu. Duk wannan ta saba da shi tun tana ɗaliba a Kano. Da aka gama sai ta tattara almakashi da hantsaki da mariƙin allura za ta nufi famfo ta wanke, likitan ya tare ta da murmushi, ya nuna mata wani bokiti rawaya mai murfi a jikin bango. A nan ake zubawa. Ƙarfe ne sabo fil, yana ta ƙyalli, zare huɗu kacal ya taɓa yankawa a duniya. Ta ce sai da hannunta ya yi nauyi kafin ta saki.

A gida Sista ake kiranta, kuma ta daɗe a ɗakin wankin ciwo. Almakashin da ta bari a can ya girmi wasu daga cikin ma'aikatan. An naɗa masa filasta a kunne, an rubuta sunan ɗakin da biro don kada ya yi ƙafa, kuma duk wanda ya ara sai ya dawo da shi hannu da hannu.

Da ta ɗauki ledar da kayan suka fito ciki ta duba, sai ta ga lamba 2 a cikin da'ira an soke ta da layi. Alamar ke nan ta cewa kada a maimaita amfani. A ƙasa kuma an rubuta inda aka ƙera: Pakistan. Birnin Siyalkot da ke Punjab ya shahara da wannan sana'a, maƙeransa ne ke ƙera kaso mai yawa na kayan tiyatar da duniya ke aiki da su. Wato almakashin ya ratso teku, ya kwana a sito, ya yi aikin minti ɗaya, daga nan sai injin ƙona sharar asibiti.

Abin yana da tarihi. A 1996 aka gano a Birtaniya wani sabon nau'in cutar ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da cin naman shanun da suka kamu da cutar haukan shanu. Abin da ke haddasa ta wani gurɓataccen furotin ne mai taurin kai, wanda turarawar da aka saba yi wa kayan tiyata ba ta gamawa da shi. Tsoro ya shiga. A farkon 2001 har aka umarci likitocin Ingila su riƙa cire tonsil na maƙogwaro da kayan yi-ka-yar, amma kafin shekarar ta ƙare aka janye umarnin, saboda an ga zubar jini ya ƙaru. A ƙananan asibitoci kuwa al'adar ta zauna daram, domin an tsananta ƙa'idojin tukunyar turara kaya. Bai isa a ce tururi ya kai digiri 134 na minti uku ba. Sai an gwada injin kullum, an rubuta, an adana takardar kowane zagaye, an raba wurin kaya masu datti da na masu tsabta, injiniya ya riƙa zuwa dubawa. Likitocin unguwa suka buga lissafi, suka ga sayen sabo ya fi musu sauƙi.

Nan ne zuciyar Sista ta rabu biyu. Wani ɓangaren yana cewa almubazzaranci ne tsagwaronsa, ai da kwalin nan guda za a wadata asibitin ƙauye har shekaru. Ɗaya ɓangaren kuma yana tuna mata ranakun da wuta ta ɗauke tukunya na tsakiyar aiki, layi ya kai bakin ƙofa, aka jiƙa kaya a ruwan bilic aka ɗauraye aka ci gaba, don babu yadda za a yi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wanda ya san wannan adadi, ya kuma san hannu nawa hantsaki ɗaya ke ratsawa a yini, ba zai yi saurin yi wa bokitin rawaya dariya ba.

Mamaki na biyu ya zo ne a kan ciwon kansa. Ta nemi shuɗin maganin nan da ake cewa GV, babu. Haidurojin mai kumfa, babu. Yusol, sai tsofaffin nas-nas ne ma suka tuna sunansa. Sifirit kuwa ba a zuba shi a buɗaɗɗen ciwo. Ruwan gishiri ne, ko ma ruwan famfo mai ɗumi idan gyambo ne ko ɗinkin da ya wuce kwana biyu. Dalilinsu shi ne magungunan masu zafi suna kashe ƙwayoyin cuta, suna kuma haɗawa da sabon naman da ke tsirowa. Maganar a bar ciwo ya sha iska ya bushe ita ma an daɗe da barinta. Tun 1962 wani masani Baturen Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu, ya ga ciwon da aka rufe yana da ɗan danshi ya fi saurin rufewa a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Shi ya sa kabad ɗin ɗakin ke cike da filastoci iri-iri: mai soso don shanye ruwa, wanda aka yi da ciyawar teku don ciwo mai zuba, mai azurfa ko aidin don wanda ya fara ruɓa. Akan liƙa a ce wa majiyyaci ya dawo bayan kwana uku, wani lokaci har mako guda. Ita da ta saba da wankin kullum, sai ta ji kamar an yi watsi da mutum.

Sai kuma ta buɗe wata durowa ta ci karo da zuma.

Zumar manuka ce daga Niyu Zilan, an tace, an kashe ƙwayoyin cikinta da haske na musamman, an ɗura a ɗan bututu kamar man goge baki, kuma tsadarta ba ta wasa ba ce. Ranar Sista ta yi tafiya da ƙafar alfahari. Ta ba abokan aikinta labarin gyambon da ta warkar da zumar kwalba daga kasuwa, da ƙunar wuta da ta cike da ita. Amma ko a nan akwai gyara: zumar kasuwa ba ta da tabbas, wata an haɗa ta da sukari, wata tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka babu mai yarda a shafa ta a ciwo a asibitin Ingila.

Abin da ya fi ba ta kishi shi ne babu takardar sayayya. Ba a rubuta wa kowa ya je kemis ya sayo safar hannu da zare da auduga kafin a taɓa shi. Tun 1948 da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, magani a asibiti daga haraji ake biyansa. Sai dai in an rubuta maka magani ka karɓa a kemis, a Ingila akwai kuɗi tsayayye, fam 9.90 kan kowane magani, ban da yara da tsofaffi da wasu rukunin da aka yafe wa. A ɗaya gefen kuma akwai jira. Ƙullutun dattijon nan sai da ya jira makonni kafin layi ya zo kansa, kuma da a ce don kwalliya kawai yake so a cire, da an ce ya je asibitin kuɗi. A gida kuwa mai maruru kan shigo da safe, kafin azahar an tsaga an matse, ya koma kasuwa. In ma ya ga asibiti ya yi nisa, wanzami na nan da sakiyarsa.

Duk nas ɗin da ke shirin zuwa, ga abubuwan da Sista kan gaya wa na baya da ita. Tun a jarrabawar aiki da hannu da hukumar rajistar nas-nas ke yi, wankin ciwo na cikin abubuwan da ake gwadawa, kuma ido yana kan abu ɗaya: kada hannu ya taɓa ɓangaren kayan da zai taɓa ciwo. Ana goge teburin turawa daga sama zuwa ƙasa, a duba ranar ƙarewar kowace leda, a buɗe ta da bakin yatsa daga kusurwa, kaya su faɗa kan shimfiɗar mai tsabta. Shafa ɗaya, auduga ɗaya, a yar. Ba agogo, ba awarwaro, ba dogon hannun riga, daga gwiwar hannu zuwa yatsu a buɗe suke. Mai hijabi takan cusa gefensa cikin riga don kada ya lilo kan ciwo.

Kafin likita ya ɗauki wuƙa akwai tambayoyin da ba a tsallakewa. Shin jikin majiyyaci na ƙin filasta, ko roba, ko aidin, ko allurar kashe zafi? Yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko apixaban? Yana da batirin zuciya, tunda za a iya kunna na'urar ƙona jijiya don tsayar da jini? Ya sa hannu a takardar amincewa bayan an faɗa masa cewa tabo zai zauna? Abin da aka yanko kuma ba a yar da shi. Ana saka shi a 'yar kwalbar fomalin, a rubuta suna da ranar haihuwa da wurin da aka ciro shi tun mutumin bai fita ba, a aika ɗakin gwaji, domin tawadar Allah da ke kama da ba komai ba tana iya zama kansar fata.

Cire zare yana da kwanakinsa: fuska wajen kwana biyar, fatar kai mako guda, hannu da ƙirji bakwai zuwa goma, baya da ƙafa da kan gaɓa goma zuwa sha huɗu. Ana yankewa dab da fata a gefen ƙullin, don zaren da ya zauna a waje kada ya ratsa cikin nama. Yankan yaro a goshi sau da yawa ba ya ganin allura, gam ake ɗiga masa a haɗe bakin, ya ɓare da kansa cikin kwana biyar zuwa goma, a gargaɗi uwa kada ta shafa mai kada kuma yaro ya ɓantare. Gyambon ƙafa ba a ɗaure shi da matsattsen bandeji sai an auna ƙarfin jini a idon sawu an gwada da na dantse, don in jijiyar da ke kai jini ta toshe, matsin zai iya kashe ƙafar. Shara ma da launinta: leda ruwan lemo ta kayan da ake zargin suna da cuta, mai zanen rawaya da baƙi ta ƙazantar da ba ta da haɗari, bokiti mai murfi na duk abin da ke yanka ko suka. Allurar tetanus ba a yin ta don kawai an taka ƙusa, sai an buɗe kwamfuta an ga tarihin rigakafin mutum. Saboda haka mai tahowa da yara ya sa katin rigakafinsu a jaka tare da fasfo.

Akwai wurin da Sista ta zama malama. Littattafan da abokan aikinta suka karanta sun ce ciwon da ya harbu yakan yi ja, kuma yawancin hotunan ciki na farar fata ne. Bradford kuwa cike take da 'yan asalin Pakistan, akwai kuma 'yan Afirka. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri, ya ɗau zafi, kuma sai an kwatanta da ɗaya gefen ake ganewa. Ita da bayan hannu take fara ji. Haka nan takan tuna wa likita ya tambayi mai baƙar fata ko tabonsa na yin tudu, musamman in yankan zai faɗa a kunne ko kafaɗa ko tsakiyar ƙirji, inda irin wannan kumburarren tabo ya fi fitowa. In maruru ya nuna, tun daga bakin ƙofa ta san ya nuna, abin da ƙananan likitoci kan tsaya su yi ta latsawa kafin su yanke shawara. Yanzu in an sami ciwo mai wuyar karantawa, ita ake leƙowa a kira.

Almakashin dai bai bar ranta ba. Ta taɓa tambaya ko za a bari ta tara waɗanda aka buɗe ba a yi aiki da su ba, ta aika gida. Aka ce doka ba ta yarda ba, kuma aka nuna mata dalili: ƙarfen mai araha ne, in ya sha tururi sau biyu ko uku sai ya fara tsatsa a mahaɗa, bakinsa ya dakushe. Dabarar da ta rage mata ita ce kada ta farke leda sai likita ya miƙo hannu.

A 2024 gwamnatin Birtaniya ta fitar da wani shiri na rabuwa da kayan asibiti na yi-ka-yar da za a iya kauce musu nan da 2045, saboda tsada da yawan shara, kuma tuni wasu asibitoci suka koma aika ƙarafansu cibiyar turarawa ana dawo musu da su a naɗe. Da ta ba tsohuwar metiron ɗinta labari a waya, Mama ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya wa Turawan in suna neman mai koya musu wanki ta yi ritaya, tana da lokaci. Ta ƙara da cewa almakashin nan mai filasta a kunne yana nan yana aiki, sai dai an sake masa filastar. Washegari da safe mutum shida ne a jerin ƙaramar tiyata, Sista ta jera leda shida a kan tebur, ta jawo bokitin rawaya kusa da ƙafarta.