Arlit, Garin Yuraniyom: Me Ke Sa Zuciyar Samari Bugawa?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in ka bar Agadas ka nufi arewa, bayan kilomita wajen 240 sai ka iske Arlit cikin tsakiyar hamada, yamma da duwatsun Abzin. Yuraniyom ne ya kafa garin. Kamfanin Somair ya fara fitar da shi a 1971, Cominak kuma a 1978, kusa da Akokan. An rufe ramin Cominak a watan Maris na 2021, ma'aikata da dama suka rasa aiki.

Garin ya tara Buzaye, Hausawa, Zabarmawa da masu wucewa Aljeriya ta Asamaka. A inuwa kuwa sai fadar samari, butar shayi bisa gawayi tun hantsi har dare.

Wani yaro sai ya ce gabansa na faɗuwa, zuciyarsa na dakan sakwara alhali yana zaune. Iyaye su ce iska ce, wasu su ce ƙurar ma'adini. Gaskiya ne ƙurar da iskar rami suna da haɗari, amma huhu suka fi yi wa ɓarna. Bugun zuciya yakan fito daga abubuwan da muka raina.

Na farko ƙishirwa. A bazara zafin Arlit yana wuce digiri 40, gumi ya ƙwace ruwan jiki, zuciya ta ƙara sauri. Na biyu shayi mai ɗaci, taba da ƙwayoyi, musamman ga cikin da ba abinci. Na uku ƙarancin jini, wanda ya fi kama ƴan mata saboda al'ada. Sai zazzaɓi, rashin barci da zulumin rashin aiki. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun yarinta, shi ma yana iya lalata ƙofofin zuciya.

A dafa jijiyar wuyan hannu a ƙirga. Ga saurayin da ke hutawa, bugu 60 zuwa 100 a minti ɗaya shi ne daidai. A sha ruwa da yawa, a rage shayi, a ci wake, zogale da hanta.

In bugun ya zo da suma, ciwon ƙirji, haki ko kumburin ƙafafu, a kai yaro likita ranar nan. Mai ɗa a garuruwan ma'adini, ya aika masa da wannan saƙo. Allah ya ba mu lafiya, amin.