Neman littafin yara a ɗakin karatun makarantar malamai

Ɗalibin da ke koyon aikin malanta yakan kai lokacin da za a ce ya nemo littafin yara guda, wanda zai karanta wa ƴan aji ranar gwajin koyarwa. A jihar Damagaram, inda makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed take, yawancin masu wannan nema ƙauye za su koma aiki, irin su Gamu da ke cikin gundumar Gure. Da yaran can a zuci ya kamata su shiga ɗakin karatu, kuma nan ne aikin ke yin wuya.

Ɗakin karatun kwaleji don manya aka tsara shi. Kantocinsa cike suke da dabarun koyarwa da nahawu da nazarin halayyar yaro, wato littattafan da ke magana a kan yara, alhali waɗanda yaran za su karanta da kansu ƴan kaɗan ne. Inda ake bin lambobin Dewey, ɗalibi yakan tsaya a 372, sashen ilimin firamare, ya yi ta dube-dube a banza, don tatsuniyoyi suna can a 398.2. Ga shi littafin yara siriri ne, bayansa bai isa a rubuta suna ba, sai ya maƙale tsakanin manya biyu ya ɓace. Dole a riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, ana kaɗe ƙurar hunturu. Mai kula da ɗakin ya fi kundin rajista amfani a nan, domin sau da yawa shi kaɗai ya san kwalin da aka tara irin waɗannan.

Idan an samu, sai maganar harshe ta taso. Yaron ƙasar Gure yana shiga aji da Barbarci ko Hausa, wani da Fulatanci ko harshen Buzaye ko na Tubawa, littafin kuwa galibi da Faransanci yake. Tsofaffin malamai ba su manta da Mamadou et Bineta na André Davesne ba, wanda aka yi tun zamanin mulkin mallaka. Daga baya Boubou Hama da Andrée Clair suka rubuta wa yara labaran ƙasa, ciki har da L'aventure d'Albarka, amma su ma da Faransanci. Abin da ya kamata ɗalibin Damagaram ya sani shi ne, a garin da yake karatu aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, a 1973, kuma da Hausa ta fara. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, cibiyar INDRAP da maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai cikinsu, sannan a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka doka ta riga littafi gudu, kuma na Barbarci sun fi na Hausa ƙaranci nesa ba kusa ba.

Akwai na ƙetaren iyaka. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da aka buga a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, yana shiga kunnen yara idan malami ne ke karantawa, amma ya yi wa mai koyon haɗa baƙi nauyi. Sai kuma a lura da rubutu: inda Nijar ke sa ƴ, littattafan Najeriya 'y suke sawa, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya rikita ɗan ajin farko.

Hotuna su ne abin da sabon malami ya fi rainawa, bai kuwa kamata ba. Littattafan kyauta daga Turai suna da kyan takarda, amma shafi mai ƙanƙara da tufafin sanyi zai cinye rabin darasi wajen bayani. Shafin da aka zana raƙumi da kayan kanwa, ko yarinya tana tsintar goruba, ko mata a bakin rijiya da guga, kafin malam ya buɗe baki hannuwa sun tashi. Ba laifi yaro ya ga duniyar da bai sani ba, sai dai mai fara karatu ba ya iya kokawa da sabon harafi da sabuwar kalma da baƙon abu a lokaci guda. Gwaji mai sauƙi shi ne ɗalibi ya karanta shafi ɗaya da murya, ya ƙirga kalmomin da sai an fassara; in sun yi yawa, ya mayar da littafin kanta.

Saura batun yawa. Kwafi ɗaya ake ba da aro, ajin kuwa cike yake, wani ma rumfar zana ce. Saboda haka ake kwafe labarin a babban allo da alli, ana zagayawa da hoton layi-layi. Wanda bai dace da komai ba yakan rubuta nasa: ya ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yadda ya ji ta a gida, ya rage ta zuwa jimla ɗaya a kowane shafi, ya nemi aboki mai iya zane, ya ɗinke takardun da zare, ya yi musu bango da kwalin sukari.